Shekara Talatin Ina Hawan Kufai da Yara

Jiya a ofishin malamai na ji ɗayanku yana cewa fita ziyara da ɗalibai ba wani aiki ba ne, a ɗauko bas, a sayi biskit da lemo, a je a yi hoto a dawo. Ban tanka ba, don an kaɗa ƙararrawa. Yau da muke da sarari, ku gyara zama.

Ni dai kun san ni da Malam Habibu mai ziyara, har wasu iyayen sun ɗauka sunan mahaifina ke nan. A Tudun Wada aka haife ni. Mahaifina Bakano ne, goro ya kawo shi Gombe ya zauna. Da na gama makarantar horon malamai aka tura ni wata firamare a Pantami in koyar da darasin zamantakewa. A can na tarar da Baba Yakubu, mutumin kudancin Gombe, dogo, mai furfura, saura 'yan shekaru ya ajiye aiki. Shi kaɗai ne a makarantar yake fita da yara su ga wuraren da mutanen farko suka zauna. Hedimasta ya haɗa ni da shi don ina da ƙarfin ɗaukar jarka, ba don wani ilimina ba.

Fitarmu ta farko Gombe Abba muka je, tsohon garin da ke can kusa da kogin Gongola. Na yi mako guda ina haddace abin da littafi ya ce. Muna isa na tsayar da yara arba'in a rana, a gaban ragowar ganuwa, na shiga zuba bayani. Da na ɗaga kai, rabinsu suna jifan ƙadangare, sauran suna leƙen abincin juna. Baba Yakubu ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ɗana, in littafi za ka karanta musu, me ya sa muka ƙona mai?"

Ya karɓi yaran. Ya ce kowa ya ɗora tafin hannunsa a jikin ganuwar, ya faɗi abin da ya ji. Wannan ya ce tsakuwa, wancan ya ce ciyawa. Sai ya aro kwando a wani gida, ya cika shi da ƙasa, ya sa suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya suna taku ashirin. Da kowa ya gama haki ya tambaye su, "To, kwando nawa kuke gani ya shiga wannan bangon?" Wata yarinya ta ce, "Baba, ashe mutanen nan sun sha wuya." Ya ce, "Sun sha. Kuma ba wanda ya biya su, tsoro ne ya sa su." A mota da muna dawowa ba wanda ya yi barci, gardamar kwanduna suka yi ta yi har muka shigo gari.

Aikin da ya fara ba ni ni kaɗai shi ne leƙe. Duk inda za a kai yara, sai malami ya je da ƙafarsa mako guda kafin ranar. Ka tafi da goro da gishiri da sabulu don dattawa. Ka fara da gidan mai unguwa, ka zauna ka sha ruwansu ko da ba ka jin ƙishi. Sannan ka bi hanyar da agogo a hannu, duk abin da ka samu ka ninka shi biyu, don ƙafar yaro ba taka ba ce. Ka ɗaga kai ka duba bishiyoyi ko akwai zuma. Ka nemo inuwar da za ta ɗauki kowa, da inda 'yan mata za su kewaya, da inda za a yi sallar azahar. Abin da ya fi duka, ka tambayi mutanen gari inda ba a takawa. Kowane kufai yana da irin wannan wurin, kuma ba za ka gane shi da ido ba.

Kayan aikina har yanzu suna cikin akwatin ƙarfen can da kuke ɗora littattafan jarrabawa a kai. Akwai usur. Akwai igiya mai ƙulli ashirin, wadda ƙananan yara ke riƙewa in hanya ta matse. Akwai sandar gora, ba ta duka ba ce, ta kaɗa ciyawa ce, don duk wanda ya san ƙasar Kaltungo ya san kububuwa, shi ya sa ba ma hawa sai ciyawa ta bushe ta kwanta. Gishiri da sukari ba sa rabuwa da aljihuna saboda masu jiri. Hular nan rawaya da kuke yi wa dariya ta Baba Yakubu ce. Ya ce malamin ziyara ba ado ya fito ba, so yake a hango shi daga nesa. Lissafin kawuna kuwa ba sau biyu ake yi ba. A ƙirga a ƙofar makaranta, a ƙirga duk inda mota ta tsaya, a ƙirga a gindin dutse, a ƙirga a samansa. Kowane yaro da abokin tafiyarsa, in na busa usur sau ɗaya kowa ya ɗaga hannun nasa.

Wurin da na fi kai yara a rayuwata wani ƙauye ne bayan Kaltungo. Mu dai Gindin Dutse muke ce masa. Kakannin mutanen a saman dutsen suka zauna zamanin hare-hare, sai da ƙasa ta lafa suka riƙa saukowa gida-gida. Awa guda ake hawa da yara. A sama za ka ga da'irorin duwatsu inda ɗakuna suka tsaya, da duwatsun da ake ɗora rumbu a kai, da gonaki hawa-hawa waɗanda aka tare ƙasarsu da jeren duwatsu don kada ruwan sama ya wanke ta. Maɓuɓɓugar ruwansu tana can ƙasa ta bayan dutsen, hanyarta ko akuya sai ta yi tunani.

Mai yi mana bayani a can Kaka Ladi ce. A saman aka haife ta, tana 'yar yarinya gidansu ya sauko. Gajeriya ce, ba ta sa takalmi, kuma ba a taɓa riganta kaiwa sama ba. Tana da dutsen niƙa a kufan gidansu, uwar dutsen ta lotsa kamar akushi, ɗan dutsen kuma ya yi santsi har da gurbin yatsu a jikinsa. Na kakarta ne. Takan hau da dawa a ƙulle a bakin zane, ta durƙusar da yaran gari su niƙa. Yaron da bai san komai ba sai kai niƙa inji zai yi minti biyu ya ce hannunsa ya mutu. Sai ta yi dariya ta ce, "Jikana, wannan ko kaza ba za ta ƙoshi ba. Mu mutum goma sha ɗaya ake niƙa wa, kullum, kafin rana ta fito." Ni kuwa ina gefe ban ce uffan ba. Wannan ma koyonsa na yi. In mai wuri yana magana, malami ya riƙe bakinsa ya lura da na baya.

Da sunana ya fara fita, makarantun kuɗi suka riƙa nemana ranar Asabar. Akwai wata mai makaranta a Madaki da ta turo mini yara cikin fararen kaya da baƙin takalmi mai sheƙi, wai hoton kalanda take so. Na ce, "Hajiya, dutse za mu hau, ba ɗakin taro ba." Ta ce haka tsarin makarantarta yake. Muka je muka dawo kamar an tono su daga rami. Shekara ta zagayo ta kira ni da kanta, ta ce wane irin kaya zan ce su sa.

Iyaye kuwa kala-kala ne. Wanda ya fi zuwa shi ne mai tambayar, "Malam, wurin tsafi za ku kai mini yaro?" Musulmi ya tambaye ni haka, Kirista ma ya tambaye ni. Ba na musu da su. Nakan ce gidajen mutane za mu gani da gonakinsu, da inda suka ɗebi ruwa, in kuma hankali bai kwanta ba ga kujera a mota. Wasu sun hana 'ya'yansu, ban riƙe su a rai ba.

Yanzu bari in ba ku labarin shekarar da na ci ƙasa. Lokacin Baba Yakubu ya daɗe da ajiye aiki, ya koma garinsu, ni kuma na fara jin na iya. Yana da wata doka da bai taɓa tsallakewa ba. In an sauko, kafin kowa ya shiga mota, sai an buɗe jakunkuna. Yakan ce abin dutse na dutse ne, ko sakaina ce. To, ranar na kai 'yan aji shida su hamsin da huɗu, ƙarshen bazara. Muna saukowa hadari ya haɗo daga gabas. Buba direba yana ta danna ham, yana cewa in ruwa ya sauka rafin da ke hanya zai cika, sai dai mu kwana. Na ƙirga kawuna, suka cika, na ce a shiga mota. Ban buɗe jakar kowa ba.

Kwana uku bayan nan ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Danjuma ne, ɗan Kaka Ladi, a kan babur, ko hular kwano bai cire ba. Muka gaisa sama-sama. Ya ce, "Malam, ɗan dutsen niƙan Mama ba ya nan. Tun ranar da kuka zo. Dattawa sun zauna, sun ce daga yau ba makarantar da za ta sake hawa, taku ko ta wani." Na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya ce sauri yake yi.

Ku lura, ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Makarantu da yawa ta hannuna suke zuwa can, kuma amanar da Baba Yakubu ya yi shekaru yana ginawa ce na zubar a yini ɗaya. Na tara yaran na yi tambaya da lalama, shiru. Hedimasta ya ce a zane su duka har mai shi ya fito. Na roƙe shi ya bari, don yaron da aka daka zai jefa dutsen a masai ne ya huta. Sai na shiga bi gida-gida bayan an tashi, ina sallama ina cewa ko an ga yaro ya shigo da wani dutse mai santsi. Wasu suka yi mini kallon mai taɓin hankali. Mako biyu ina wannan yawo a lungunan Pantami.

A gida na talatin da wani abu na same shi. Gidan su Hajara ne, yarinya mai shiru-shiru wadda ko a mafarki ba zan zarga ba. Kakarta, wata tsohuwa Bakatsiniya da ake kira Inna, ita ta fito da shi daga ƙarƙashin gadonta a naɗe cikin ɗankwali. Ashe kullum tana ba jikokinta labarin dutsen niƙan uwarta da aka bari a ƙauye, Hajara kuma da ta ga wannan sai ta sa a jaka ta kawo mata, ta ce tsinta ta yi. Da Inna ta ji daga inda ya fito, da cewa na kakar Kaka Ladi ne, sai ta dafe ƙirji. Ta ce, "Na kakarta? La'ilaha illallahu. Malam, ba kai za ka mayar ba. Ni na riƙe kayan mutane mako biyu, ni zan kai."

Ranar Asabar muka shiga motar haya mu uku. Kaka Ladi tana zaune gindin tsamiyar ƙofar gidanta. Inna ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta ajiye ɗankwalin a gabanta ta ce, "'Yar'uwa, jikata ta yi ɓarna saboda ni. Ki yafe mana." Kaka Ladi ta warware, ta juya dutsen, ta sa yatsunta a gurbin. Can ta dubi Hajara, wadda ke ta kuka, ta ce, "Ke, nauyinsa bai dame ki ba, tun daga sama?" Yarinyar ta girgiza kai. Ta ce, "To kin fi 'yan ajinku ƙashi." Kafin la'asar tsofaffin nan biyu suna gardamar ko gero ya fi dawa wuyar niƙa.

Ita ta yafe, amma dattawa ba su janye ba. Mai unguwa ya ce mini, "Malam, yarinya ba ta yi mana laifi ba. Kai ne babba." Gaskiya ya faɗa.

Kafin in san yadda zan gyara, sai ga shekarun nan na tashin bama-bamai. Kun san su, wasunku kuna sakandare. Aka hana fita da ɗalibai ko nan da Kwami. Ba uban da zai sa hannu a takarda a tara masa yaro cikin bas. Akwatin ƙarfen nan ya yi shekara uku ban buɗe shi ba. Abin da na iya shi ne na sa yara suka kwaɓa laka a bayan aji, muka gina ɗan dutse da da'irorinsa da gonakinsa, damina ta zo ta narkar, muka sake. Amma duk Kirsimeti sai na hau mota ni kaɗai na je Gindin Dutse da gishirina da sabulu. In gaishe su, in ci abincinsu, in dawo. Ban taɓa ɗaga maganar hawa ba. Na je gaisuwar mutuwa sau biyu, na je biki sau ɗaya. A Kirsimeti na huɗu ne, ina sa takalmi zan tafi, mai unguwa ya ce, "Yaran naka sun daina karatu ne? Mun kwana biyu ba mu ji hayaniyarsu ba."

Fitar farko bayan an buɗe mana, yara talatin kawai na ɗauka. Lokacin ƙafa ta hana Kaka Ladi hawa, Danjuma ne zai kai mu. Amma ta ce sai kowa ya zo ya gaishe ta tukuna ya faɗi sunansa. Suka yi layi gindin tsamiya. Da aka zo kan wata yarinya Rahila, 'yar wani ma'aikacin sakatariya, sai tsohuwar ta kama haɓarta ta juya fuskar gefe. Ta yi mata magana da yarensu. Rahila ta dube ni, don ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Kaka ta koma Hausa.

"Wa ya haifi babanki?"

Yarinyar ta faɗi sunan kakanta.

"Mai tabo a goshi? Wanda ya tafi aikin jirgin ƙasa?"

"Ban san shi ba, Kaka. A hoto dai yana da tabo."

"Ni na san tabon. A gabana ya faɗo daga kan rumbu." Ta juya wajen ɗanta. "Danjuma, in kun wuce babban dutse, da'ira ta uku kusa da kuka. Ka kai ta gidansu."

Da muka hau, Danjuma ya nuna mana inda ba a takawa, sannan ya nuna mata gidan. Duwatsu ne kawai a zagaye, ciyawa ta cinye rabi. Rahila ta tsallaka ta shiga tsakiya, ta miƙa hannuwa biyu, saura kaɗan ta taɓa gefe da gefe. Ta ce, "Malam, ɗan ƙarami ne." Danjuma ya ce a nan aka haifi kakanta da 'yan'uwansa shida. Sauran yaran suka zagaye ta suna tambayar ina ƙofa, ina murhu. Ita ta riƙa nemowa tana nuna musu kamar ta taɓa kwana a ciki. Da na busa usur ɗin sauka sai da na busa sau uku kafin ta fito.

Ranar Litinin da safe sai ga mahaifinta a makaranta da kayan ofis. Na ce a raina yau kuma me aka yi. Muka gaisa, ya yi ta juya makullin mota a hannu. Ya ce a Gombe aka haife shi, ya sha zuwa ƙauyen jana'iza, amma bai taɓa sanin akwai abin gani a sama ba, mahaifinsa bai faɗa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ce tun daren Asabar yarinyar ta hana kowa sakat a gida. Sai ya sassauta murya.

"Malam, in za ku koma, akwai wurin babba a motar?"

Bayan mako uku muka koma da wani ajin, shi da 'yarsa a kujerar baya. Mutum ne mai jiki, hawan ya ba shi wuya, sau huɗu muna tsayawa dominsa. Da muka kai sama ya hango kukar, sai ya saki hanya ya nufe ta kai tsaye ta cikin wasu duwatsu. Na ɗaga usur zan busa, amma Rahila ta riga ni. Ta riƙo hannun rigarsa ta ce, "Baba, ba a takawa nan, kaburbura ne. Biyo ni ta wannan gefen." Ya ja ƙafarsa baya, ya cire hularsa, ya bi bayanta.